Rigakafin HIV na DNA: ina saƙon yake maƙalewa, kuma me ake yi a kai?

"Assalamu alaikum Dakta. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Zariya, shekarata 9 a sashen da ake ba masu ɗauke da HIV magani. Tun da aka samar da allurar korona cikin shekara guda, marasa lafiyarmu suke tsare ni da tambaya: mu ina tamu? Kwanan baya na karanta cewa Indiya ta yi rigakafin korona da DNA, kuma wai an daɗe ana gwada irinta a kan HIV amma ba ta yin ƙarfi a jikin mutum. Me ya hana ta ƙarfi? Me ake yi don a gyara? Kuma ba za ta taɓa halittar mutum ba? Ina son amsar da zan iya maimaita wa mutane ba tare da na yi musu ƙarya ba."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Sista. Allah ya ba ki ladan wannan aiki. In na fahimce ki, kina son sanin ko laifin allurar ne, ko kuwa laifin yadda ake shigar da ita jiki. Duka biyun akwai, sai dai nauyinsu ba ɗaya ba. Matsalar shigar da ita jiki an ci ƙarfinta sosai cikin shekaru 15 da suka wuce. Matsalar abin da za a rubuta a cikinta har ya kama HIV kuwa, ita ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ki sani tun farko, ni mutumin aji ne da ɗakin bincike. Na yi aiki da DNA da hannuna a kan ƙwayoyin sel da ɓeraye, amma ban taɓa jagorantar gwajin rigakafi a jikin mutane ba. Abin da zan faɗa game da gwajin mutane, daga rahoton waɗanda suka yi shi na ɗauko.

Awo ake kai wa jiki, shi ya ɗinka

Alluran da kika saba yi galibi iri biyu ne. Ta ƙyanda da ɗigon shan inna, ƙwayar cutar ce da kanta aka raunana. Ta ciwon hanta nau'in B kuwa wani yanki ne na fatar ƙwayar cutar da aka haɗa a masana'anta. Hanya ta farko a rufe take ga HIV. Ƙwaya ce da ke dasa rubutunta cikin DNA ɗin mutum ta zauna, kuma da aka gwada raunananniyar 'yar'uwarta ta birai, wato SIV, a shekarun 1990, an ga ta farfaɗo ta sa wa jariran birai ciwon. Babu mai imanin da zai yi wa lafiyayyen mutum wannan. Hanya ta biyu an bi ta da allurar AIDSVAX, aka gwada a Amurka da Tailan, sakamako ya fito a 2003, ba ta ba da kariya ba.

Allurar DNA dabara ce ta uku. Maimakon a ɗinka riga a kai wa jiki, sai a kai masa awo, shi ya ɗinka da kansa. Ana ɗaukar wani ɗan zoben DNA da ake kira filasmid, wanda asalinsa na bakteriya ne, a dasa masa rubutun furotin biyu ko uku na HIV, galibi Gag da Pol da Env. Shi Env shi ne ƙahon da ƙwayar ke kama ƙwayoyin garkuwa na CD4 da shi. Ana renon zoben cikin bakteriyar E. coli a tanki, a tace shi, a zuba a kwalba. Idan ya shiga ƙwayar sel ta mutum, sai ta karanta rubutun, ta ƙera furotin ɗin, ta baje shi a bayanta, sojojin garkuwa su gani su haddace kamanninsa. Ba cikakkiyar ƙwayar cuta ba ce, don haka babu yadda za a yi ta sa wa mutum HIV. Kuma da yake a cikin sel aka ƙera furotin ɗin, kamar yadda ake yi in cutar gaske ce ta shiga, allurar ba antibodi, wato sinadaran garkuwa da ke yawo a jini suna kama cuta, kaɗai take tayarwa ba, har da ƙwayoyin CD8, masu farautar duk sel ɗin da cuta ta ɓuya a ciki su kashe.

Mafarin abin a 1990 ne, lokacin da Jon Wolff da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin suka yi wa ɓeraye allurar tsuran DNA a tsoka, suka ga tsokar ta ƙera furotin ɗin da aka rubuta. A 1993 masu bincike na kamfanin Merck suka kare ɓeraye daga murar infuluwenza ta wannan hanya. Kowa ya ɗauka an samo bakin zaren. A 1998 aka buga sakamakon gwajin farko na allurar DNA ta HIV a jikin mutane, daga Jami'ar Pennsylvania. Ba ta cutar da kowa ba, amma garkuwar da ta tayar ba ta taka kara ta karya ba. Haka aka yi ta gani a gwaji bayan gwaji, har murna ta koma ciki.

Daga bayan ganuwa zuwa ƙuryar ɗaki

Ki ɗauka ɗan aike ne ya zo Zazzau a zamanin da ganuwa ke tsaye, ana rufe Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da almuru, aka kuma ce wasiƙar da ke hannunsa ba za a karanta ta ba sai a ƙuryar ɗakin wani gida cikin birni. Tun a bayan gari ake fara tare shi. Ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin sel cike yake da sinadaran da aikinsu datsa duk DNA ɗin da suka tarar a waje, kuma cikin ɗan lokaci suke cinye mafi yawan abin da allura ta zuba. Wanda ya kuɓuta sai ya iske fatar sel, wadda maiƙo ce, shi kuwa DNA ƙato ne mai son ruwa, ga cajin lantarkinsa iri ɗaya da na fatar, sai su riƙa ture juna. Ɗan abin da sel ta haɗiye, tana jefa shi ne cikin wata jaka mai tsami da take narkar da shara a ciki. Wanda ya fasa jakar ya fito tsakar gida, saura masa ƙofa ta ƙarshe, wato cibiyar sel, inda DNA ɗin mutum yake, inda kuma kaɗai ake karanta DNA. Ƙofofin cibiyar ƙanana ne ainun. A sel mai rabuwa biyu bangon cibiyar yakan rushe na ɗan lokaci, filasmid ya samu ya faɗa, amma ƙwayoyin tsoka ba sa rabuwa.

Nan ne allurar mRNA ta korona ta yi wa DNA fintinkau. Ita mRNA, wato kwafin rubutun DNA na wucin gadi, a tsakar gida ake karanta ta, ba ta da buƙatar shiga ƙurya.

Ban manta ranar da na fara ganin wannan da idona ba, lokacin ina koyon aikin ɗakin bincike. Akwai wani furotin da aka samo daga wata halittar teku, wanda yake walƙiya kore idan an haska masa shuɗiyar fitila. Muka sa rubutunsa a filasmid, muka raba ƙwayoyin sel a faranti biyu. Na farko muka ɗiga masa tsuran DNA. Na biyu sai da muka cakuɗa DNA ɗin da wani maiƙo na musamman kafin mu ɗiga. Washegari muka kashe fitilar ɗakin, na sa ido a madubin. Farantin farko baƙi ƙirin, na yi ta zagaya shi kusan minti 10 kafin na tsinci ɗigo biyu ko uku masu haske cikin dubban ƙwayoyi. Na biyu kuwa kamar ka hango Samaru daga nesa da daddare ranar da aka kawo wuta. DNA iri ɗaya ne, adadi ɗaya. Tun ranar na daina ce wa ɗalibai allurar DNA ba ta da ƙarfi, na koma ce musu ba ta isa inda aka aike ta ba.

Sai batun girman jiki. Ɓeran gwaji nauyinsa kamar giram 20 ne, ana yi masa kamar maikirogiram 50. In za a bi wannan lissafi a mutum mai kilo 60, sai an ba shi miligiram 150. A gwajin mutane kuwa abin da ake bayarwa bai cika wuce miligiram 8 ba, domin DNA in ya yi yawa a ruwa yauƙi yake yi kamar miyar kuɓewa, ba ya bin allura, ga kuma tsada. Akwai wani abu da duk wanda ya taɓa yi wa ɓera allura ya sani: tsokar ƙafarsa ba ta kai ƙwayar wake ba, kana tura mata ruwa za ka ga ta kumbura tam. Wannan matsin da kansa yana cusa DNA cikin sel. A damtsen babban mutum kuwa mililita 1 ɓacewa yake yi, babu wani matsi. Wato wani ɓangare na nasarar da aka gani a ɓeraye, ƙarfin ruwan ne ya kawo shi.

Hanyoyin buɗe ƙofa

Wadda ta fi kowace tasiri zuwa yanzu ita ce ta lantarki. Ana yin allurar, nan take wata na'ura mai ƙananan allurai kewaye da wurin ta saki wuta 'yan bugu kaɗan, kowane bugu bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Wutar tana buɗe ƙananan ramuka a fatar sel na ɗan lokaci, tana kuma jan DNA ciki tunda mai caji ne. Ɗan raunin da take yi wa tsoka shi ma yana da amfani, domin yana kiran sojojin garkuwa zuwa wurin. A 2011 cibiyar binciken AIDS ta Aaron Diamond da ke New York ta buga sakamakon gwada allurar DNA mai suna ADVAX ta wannan hanya, martanin ƙwayoyin T, wato su CD4 da CD8, ya ninka har sau 70 a kan na allurar tsoka da aka saba. A gwajin HVTN 080, wanda aka buga a 2013, an haɗa allurar PENNVAX-B da wutar, aka ƙara filasmid na biyu mai ɗauke da rubutun IL-12, sinadarin da jiki ke zuga ƙwayoyin T da shi. Bayan allura 3, kusan mutum 9 cikin 10 sun nuna martani. Gwajin da ya gabace shi, HVTN 070, an yi allura 4 da DNA mafi yawa amma babu wuta, bai ko kama ƙafarsa ba.

Amma ke da kike tsaye kan marasa lafiya, na san kin riga kin hango matsalar. Akwai zafi, tsoka takan harba, kuma kowane mutum sai an sa masa sabon kan allurai na yarwa. Masu sa kai a gwaji suna jurewa don sun san abin da suka zo yi. Ki kwatanta da ranar rigakafi a ƙaramin asibiti a Giwa ko Soba, layi ya kai bakin titi, na'ura ɗaya ce mai batir, ga mutanen da dama can suna ɗari-ɗari da allura, a ce musu wannan har da jan wuta. A ganina wutar tsoka ta yi aikinta, ta nuna DNA zai iya tayar da garkuwar mutum, amma ba ita za ta kai mu ƙauye ba.

Abin da na fi sa rai a kansa shi ne barin tsoka a koma fata. Fata cike take da ƙwayoyin da aikinsu kama baƙon abu su kai shi kaluluwa, inda ake horar da sojojin garkuwa. Tsoka ba ta da su da yawa. Kin san wannan daga allurar tarin fuka ta BCG da kuke yi cikin fata har wurin ya yi ɗan tudu. A Dar es Salaam, masu bincike na Jami'ar Muhimbili da cibiyar Karolinska ta Suwidin sun gwada kan masu sa kai 60 daga cikin 'yan sanda, da wata na'ura mai harba ruwa cikin jiki ba tare da allura ba. Miligiram 1 a fata ya fi miligiram 3.8 a tsoka shirya garkuwa. A gwajin HVTN 098 kuma an haɗa fata da 'yar wuta mara zurfi, kashi ɗaya cikin biyar na adadin da ake sa wa tsoka ya ba da martani kwatankwacin nata. Rage adadi haka ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasa irin tamu, domin abin da zai ishi mutum ɗaya sai ya ishi biyar.

Allurar Indiyar da kika karanta, ZyCoV-D ta kamfanin Zydus Cadila, ta wannan hanya ta bi. An amince da ita a Agustan 2021, ana harba ta cikin fata sau 3 da na'urar Tropis ta kamfanin PharmaJet, kuma ta ba da kariya kusan kashi 67 cikin 100. Ita ce allurar DNA ta farko da aka yarje a yi wa mutane. Kafin ita sai dabbobi, kamar ta dawakai a Amurka da ta kifin salmon a Kanada, duka a 2005. Irin wannan na'urar an riga an yi kamfen ɗin shan inna da ita a Pakistan, ke nan ba abu ba ne da ya fi ƙarfin ma'aikacin lafiya na matakin farko.

Ana kuma ƙoƙarin naɗe DNA cikin ɗigon maiƙo irin na allurar mRNA. Yana shigar da shi sel kam, amma ƙofar cibiya tana nan, kuma DNA in ya taru a tsakar gida sel tana ɗaukarsa alamar ɓarawo ya shigo, ta kwarmata ihu, kumburi ya yi yawa. Wannan da filastar da ke da ƙananan ƙayoyi masu narkewa a fata, galibi suna matakin dabbobi ne tukuna.

Gyaran rubutun kansa

An yi aiki a kan wasiƙar ma. HIV tana rubuta furotin ɗinta da wani karin harshe da sel ɗin mutum ba ta saba da shi ba, sai ta riƙa karantawa tana cijewa. Masu bincike suka koyi sake rubutun da karin da sel ta saba, ma'ana ba ta canza ba, kamar a mayar da zancen Basakkwace zuwa Zazzaganci. Wannan kaɗai ya ninka yawan furotin ɗin da ake samu. An sa wa rubutun mabuɗi mai ƙarfi da aka aro daga wata ƙwayar cuta mai suna CMV, an kuma rage wa zoben kayan bakteriya da ba su da amfani a jikin mutum, don ya yi ƙanƙanta ya fi saurin wucewa.

Babban abin da aka gano kuwa shi ne DNA ya fi iya share fage a kan yin kokawar. In aka fara da shi sau biyu ko uku, sannan aka biyo da wata allura daban, kamar furotin ko wata ƙwaya mara cutarwa irin MVA mai ɗauke da rubutu iri ɗaya, garkuwar tana fin ta kowannensu shi kaɗai. DNA yana da wata falala a nan: ba shi da riga, don haka jiki ba ya yin garkuwa da ɗan aiken, ana iya maimaita shi sau nawa aka so. Alluran da ke hawa kan wata ƙwaya ba haka suke ba. Gwajin STEP na kamfanin Merck, wanda ya hau kan ƙwayar mura ta Ad5, an dakatar da shi a 2007, kuma an ga ƙarin kamuwa a cikin mazan da ba su da kaciya waɗanda jikinsu ya riga ya san Ad5. Wannan darasi ya girgiza duk masu wannan fanni.

Saƙo ya isa, kariya ba ta samu ba

Ga inda nake so ki fi natsuwa, domin nan ne amsar marasa lafiyarki take. Sau biyu aka kai allurar da ke da DNA matakin gwada kariya ta gaske. HVTN 505 a Amurka, mutum 2,504, DNA sau 3 sannan Ad5, an dakatar a Afrilun 2013 babu kariya. PrEPVacc a Yuganda da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mutum kusan 1,500, DNA haɗe da furotin ko da MVA, an dakatar da allurar a ƙarshen 2023, sakamakon da aka bayyana a 2024 ya tabbatar babu kariya. Mai kare DNA zai iya cewa ai babu wuta a ko ɗaya cikin biyun, kuma gaskiyarsa ne. To amma ga gwajin Imbokodo a kudancin Afirka a 2021 da Mosaico a 2023. Su kan ƙwayar Ad26 suka hau, wadda ba ta da matsalar shiga sel, kusan kowa ya nuna martani, duk da haka ba su kare mutane ba. Guda ɗaya tak ya taɓa nuna alama, RV144 na Tailan a 2009, mutum sama da 16,000, kariya kashi 31 cikin 100, kuma da aka sake gina shi don Afirka ta Kudu a HVTN 702, aka dakatar a 2020 babu komai. Wannan ne ya sa na ce miki ko an kai wasiƙar ƙuryar ɗaki, in abin da ke ciki bai dace ba, an yi aikin baban giwa.

Dalilin yana jikin ƙwayar. Yaron da ya yi ƙyanda ya warke ba ya sake yi, rigakafi kwaikwayon wannan warkewa yake yi. HIV kuwa babu jikin da ya saba kawar da ita da kansa balle a kwaikwaya. Tana kuskure wajen kwafar kanta, kuma a jikin wanda ba ya shan magani tana haifar biliyoyin 'ya'ya a rana, kowanne da ɗan bambancinsa. Ƙahon Env na wani nau'i yakan bambanta da na wani da kusan kashi 30 cikin 100. Kusan rabin nauyin ƙahon sukari ne da ta lulluɓe kanta da shi, irin sukarin jikin mutum, sai antibodi ya zo ya wuce. Sannan cikin 'yan kwanaki da shigarta ta riga ta dasa kanta a ƙwayoyin CD4 ta yi lamo. Ƙwayoyin T da DNA ya ƙware wajen tayarwa sukan iso ne bayan ta gama ɓuya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Nau'in da ya fi yawa a Amurka da Turai B ne, a kudancin Afirka C, a Tailan AE. A Najeriya kuwa G ne da wani gauraye mai suna CRF02_AG, wanda samfurinsa na farko daga Ibadan aka samo shi. Manyan gwaje-gwajen nan babu wanda aka gina kan namu nau'in, babu kuma wanda aka yi a ƙasar nan, alhali binciken NAIIS na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a Najeriya. Wannan yana damuna ƙwarai. Tattara samfurin ƙwayoyin da ke yawo a Arewa da karanta rubutunsu aiki ne da jami'o'inmu da asibitocin koyarwa za su iya, ba sai mun jira wani ba.

Alƙiblar bincike yanzu ta koma kan wasu antibodi na musamman da kaɗan daga cikin masu cutar kan samar bayan shekaru, masu iya kama nau'o'i da yawa a lokaci guda. An gano ɗaya mai suna VRC01 a 2010. Da aka yi wa mutane ƙarin ruwansa a gwajin AMP, sakamakon 2021 ya nuna ya hana kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100 a kan nau'o'in da yake iya kamawa, sai dai yawancin da ke yawo sun fi ƙarfinsa. Ke nan irin wannan antibodi yana karewa, saura yadda za a koya wa jiki yin sa. Ba a koyar da shi da allura ɗaya. Sai an bi ƙwayoyin B, masu ƙera antibodi, mataki-mataki da allurai daban-daban, kamar yadda almajiri ke tashi daga babbaƙu zuwa farfaru kafin ya kai hajjatu. A gwajin IAVI G001 da aka buga a 2022, mutum 35 cikin 36 sun hau matakin farko. Matakin farko ne kawai.

A nan nake ganin DNA zai sake samun gurbi. Irin wannan koyarwa tana buƙatar a gwada zane da yawa a canza da sauri, kuma sabon filasmid cikin makonni ake haɗa shi, sabon furotin na masana'anta kuwa yakan ci shekara ko fiye. mRNA ma tana da wannan saurin, kuma a yau ita ke kan gaba, har an gwada ta a Ruwanda da Afirka ta Kudu. Inda DNA ya fi ta shi ne juriyar zafi. Allurar Pfizer ta korona da farko sai a sanyin digiri 70 ƙasa da sifili ake ajiye ta. DNA firjin rigakafi na yau da kullum ya ishe shi, kuma ba ya lalacewa don an ɗauke wuta na yini guda. Duk wanda ya taɓa rakiyar akwatin sanyi a bayan babur cikin zafin Afrilu ya san darajar wannan.

Batun taɓa halitta, da abin da za ki gaya musu

Kada ki raina mai wannan tsoro. Mutanen da suka ji labarin gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, suka kuma ga rikicin allurar shan inna na 2003, suna da dalilin tambaya. Amsar ita ce filasmid yana shiga cibiyar sel, amma zama yake yi gefe a matsayin zobe, a karanta shi, ya ƙare a hankali cikin makonni ko watanni. HIV tana iya dasa kanta cikin DNA ɗinmu ne don tana da wani makami na musamman na yanka da ɗinki, wanda shi ne dolutegravir ɗin da ke cikin maganin TLD da kike rabawa kullum yake toshewa. Filasmid ba shi da makami mai aiki irin wannan. Kafin a yarda a gwada a mutum, hukumomi suna tilasta a bincika dabbobi a ga ko ya manne da DNA ɗinsu ko ya kai ga ƙwayoyin haihuwa, kuma abin da aka samu na mannewa bai kai sauyin da ke faruwa da kansa a jikin kowa ba. Dubban mutane sun karɓi alluran DNA na HIV tun ƙarshen shekarun 1990, abin da aka fi gani ciwon wurin allura ne.

Su kuwa marasa lafiyarki, ki gaya musu a fili: babu allurar rigakafin HIV da aka amince da ita a ko'ina a duniya, duk wanda ya ce yana sayar da ita maƙaryaci ne. An gwada alluran DNA a kan masu shan magani don a ga ko garkuwarsu za ta riƙe cutar ita kaɗai. Ƙwayoyin T sun ƙaru, amma da aka tsayar da magani ƙwayar ta dawo. Don haka kada kowa ya ajiye maganinsa yana jiran allura. Za su kuma ji labarin lenacapavir, allurar da ake yi sau 2 a shekara, wadda a gwajin 2024 a Yuganda da Afirka ta Kudu ba a samu ko mace ɗaya da ta kamu ba cikin sama da 2,000 da aka yi wa. Magani ne mai daɗewa a jiki, ba ya koya wa garkuwa komai, in ya ƙare kariyar ta ƙare. Amma ga matar da mijinta ke ɗauke da cutar, babban abu ne.

Akwai wani abu da ku ma'aikatan jinya za ku riga kowa cin karo da shi in har gwajin irin wannan allura ya zo ƙasar nan. Ɗan tsinken gwajin da kuke amfani da shi antibodi yake nema, ba ƙwayar cutar ba. Wanda aka yi wa allurar da ke ɗauke da Env, jikinsa zai iya yin antibodi, tsinken ya nuna layi biyu alhali lafiyarsa ƙalau, kuma hakan kan ɗauki shekaru bai gushe ba. Ki tuna yadda gwajin kafin aure ya zama dole a gidaje da masallatai da yawa a nan. Yarinyar da ta sa kai don taimakon al'umma za a iya fasa aurenta saura mako guda, a kuma ɓata mata suna a unguwa. A ƙasashen da ake gwajin, akan ba masu sa kai takardar shaida, a kuma tanadar musu gwajin da ke neman ƙwayar kanta. Wannan gwajin ba baƙo ba ne a wurinki, irin na'urar PCR ɗin nan ce da kuke aika jini don auna yawan ƙwayar cuta a jikin masu shan magani, da kuma gwada jariran da aka haifa ga uwa mai ɗauke da ita.